Rijiyar Golmo

Tun tana kan kabu-kabu Beatrice ta hango rijiyar. Sabuwa ce fil, an ɗaure bakinta da siminti, wani ma ya rubuta 2006 da tsinke tun simintin yana ɗanye. Ga ta nan a ƙofar gidansu, gindin mangwaro, daidai inda gangaren dutsen unguwarsu ya zo ya kwanta. Ta san hannun da ya haƙa ta. Wasiƙu huɗu saurayinta Japhet ya aika mata can jami'arsu a kudu, kowace da labarin rijiyar nan. Yau mun kai gaba uku. Yau mun tarar da dutse. Yau diga ta karye. Yau na ga ruwa yana ƙyalli a ƙasa, na tuna idonki. Ta ƙarshen nan ta karanta ta har takardar ta yage a wurin ninki.

A ƙasar Zuru saurayi ba ya samun mata da zaƙin baki. Golmo yake yi, wato shi da abokansa su yi wa uban yarinya noma damina bayan damina, da can har shekara bakwai, ba musu, ba ƙorafi, ko ɗaga ido a kalli suruki ba a yi. Mahaifin Beatrice, Sajan Philemon, tsohon soja ne kuma dattijon coci. Ya ce shi bai yar da al'ada ba, amma 'yar gonarsa ta Dabai ba ta kai ta ci shekara bakwai ba. Bayan damina biyu sai ya kira Japhet, ya dangwara sandarsa a gindin mangwaro ya ce, "Nan za ka haƙa mini rijiya. Ranar da unguwa ta sha ruwanta, golmonka ya cika."

Beatrice ta ajiye jaka, ta rungume mahaifiyarta Saloma, ko takalmi ba ta cire ba ta sake fitowa a guje. Ta shafa bakin rijiyar kamar mai shafa fuskar mutum. Ta leƙa ta tsakanin sandunan ƙarfen murfin, ta ga kanta a can ƙasa tana murmushi.

Sai ta ɗaga kai.

Shekara uku tana karatun lafiyar muhalli, kuma karatun nan ya ɓata mata ido, ba ta iya kallon ruwa ba ta tambayi daga ina ya biyo ba. Idon ya hau gangare da kansa, ya tsallake katanga, ya tsaya a kan ɗan ɗakin kwano da ke bayan gida. Masai ne. Wanda suke shiga tun tana firamare. Yana sama, rijiya tana ƙasa.

Ta tako daga bakin rijiya zuwa gindin katanga, ta zaga ta ciki ta ci gaba da ƙirga. Taku goma sha ɗaya. Ta sake, ta rage faɗin takun don ta yaudari kanta. Sha uku. A littafinta an ce aƙalla mita talatin, kuma rijiya ce ke zama a sama.

Murmushin ya bushe a fuskarta.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Saloma ta kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa. Sajan yana kan kujerarsa ta ƙarfe, ƙirji a buɗe, yana ba da umarni kamar ana shirin fareti. Ranar Lahadi bayan an tashi coci Fasto zai zo ya yi addu'a, mata za su yi waƙa, shi zai ja guga na farko, daga nan a buɗe wa unguwa. Yau wata ɗaya ke nan ya sa wa murfin kwaɗo, ba wanda ya ɗanɗana, don kowa ya sha rana ɗaya.

"Baba," in ji Beatrice, "ba za a sha ruwan nan ba."

Saloma ta tsaya da ludayi a hannu.

"Me kika ce?"

"Masai yana samanta, Baba, taku goma sha ɗaya. Ƙasar nan duk tsagar dutse ce. Da damina ta zauna, abin da ke cikin masai zai biyo tsagar ya sauka a rijiya. Amai da gudawa za mu raba wa yaran unguwa da hannunmu."

Sajan ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ido. Ya juya ga matarsa. "Saloma, kin ji? Na tura 'yata karatun likita, na faɗa wa duk abokaina na barikin nan, an dawo mini da duba-gari. Mai buɗe randar mutane. Mai leƙa masai."

"Ba randa kawai ba ce, Baba. Mu ne muke tare cuta tun ba ta kai asibiti ba. Akwai aikin ruwa, akwai na abinci, akwai bin diddigin annoba..."

"Ina yaro," ya katse ta, "wani duba-gari ya shigo gidanmu da farar hularsa, ya kifar da randar uwata a gaban mutane. Ruwan da ta ɗauko daga rafi tun da sassafe! Ta tsaya tana kallon ƙasa. Wannan ne aikin da kika zaɓa. Yanzu kuma rijiyata za ki kifar."

"In tana da cuta, i."

"Beatrice!" in ji Saloma. Ta rage murya. "Ke ba ki san gumin wa ke cikin ramin nan ba? Wata huɗu yaron nan yana fasa dutse saboda ke."

Ta sani. Ta ture kwanon tuwon gefe.

Washegari Laraba ta nufi bayan kasuwa, gidan Malam Maharazu, tsohon duba-garin da ya yi ritaya tun kafin ta shiga sakandare. Ta same shi a zaure yana gyaran rediyo da bakin wuƙa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi ko 'yar wa ce, da abin da take karanta.

Tsohon ya ajiye wuƙar. "A jami'a? Aikin namu wanga har ya kai jami'a? Ikon Allah. To mi ya kawo ki, ɗiyata?"

Ta zayyana masa. Ta ce da a makaranta ne, da ta ɗebi ruwan a kwalba ta kai ɗakin gwaji. Amma nan kafin a kai shi inda ake awo a dawo da sakamako, Lahadi ta wuce, rabin unguwa sun sha.

"Ɗakin gwaji," ya maimaita, yana murmushi. "Mu hancinmu ne ɗakin gwajinmu. Ki samu kananzir galan guda, ki zuba cikin masan, ki bi shi da ruwa bokiti-bokiti. In akwai hanya tsakaninsu, kananzir zai gano ta. Ba ya ɓuya, ko ɗigo ne sai ya yi wari, sai ya yi ƙyalli a kan ruwa. In ko babu hanya, ba abin da zai taɓa rijiyar."

"Kwana nawa yake ɗauka, Malam?"

"Wani wuri kwana biyu. Wani wuri mako uku. Ƙasa ba ta aiki da agogon kowa." Ya dube ta sosai. "Kuma ki sani, ba mai gode miki. Randar da na kifar a garin nan ba ta ƙirguwa, har yau akwai tsofaffin da ba su amsa gaisuwata. Amma 'ya'yan gidajen ga su nan da jikoki. Ni wannan nake kallo."

Da ta so, da ta yi abinta a ɓoye. Ba ta so ba. Da hantsi ta shigo gida da galan a hannu, ta tsaya a gaban kujerar ƙarfe, ta faɗa wa mahaifinta abin da za ta yi da dalilinsa. 

Sajan ya daɗe yana kallonta. Shi mutum ne mai son a fuskance shi gaba da gaba, ko da zai tattake mai fuskantar.

"To. Zuba," ya ce. "Amma da sharaɗi. In Lahadi ta zo ruwana yana nan garau, ke za ki sha kofin farko a gaban jama'a. Kuma karatun masai ya ƙare. Ba za ki koma kudun nan ba. Makarantar nas za ki shiga, ki sa farin kaya kamar 'yar mutunci."

Saura shekara ɗaya ta gama. Ta tuna malaminsu da ke zana taswirar annoba a allo, da yadda ta zauna a ajin nan ran farko ta ji kamar an buɗe mata taga a ƙirji. Ta tuna maganar tsohon: wani wuri mako uku.

"In kuma ya fito, Baba?"

"In ya fito, ni da kaina zan rufe ta."

"Na yarda."

Ta shiga masan ta tuntsurar da galan ɗin, ta bi shi da bokiti goma na ruwan da ta ɗauko daga famfon bakin titi. Saloma tana bakin madafa tana cewa, "Yesu, wace irin yarinya na haifa."

Alhamis Sajan ya buɗe kwaɗo, ya ja guga, ya miƙo mata har hanci. Ba komai. Ruwa mai sanyi, mai ƙamshin sabon siminti. "Duba-gari, a duba da kyau," ya ce, ya tafi yana fito. Juma'a ma haka. Labari kuwa ya riga ya zaga unguwa. In ta wuce sai ta ji mata suna cewa, "Ku rufe randunanku, ga 'yar jami'a nan."

Ran Juma'ar da yamma Japhet ya zo. A al'ada ba ya zama a cikin gidan, don haka suka tsaya a bakin hanya, kusa da gonar masarar maƙwabta. Ya rame. Tafin hannunsa duk kanta, wani farcen ya yi baƙi. Ta yi wata takwas tana tsara abin da za ta ce masa in sun haɗu, duk ya gudu.

"Kin zo kin rushe ni," ya ce a hankali.

"Ban zo don haka ba."

"Na sani." Ya murza hularsa a hannu, ya kalli dutse, ya kalli ƙasa. "Bea, akwai abin da ban rubuta miki ba. Da muka kai gaba huɗu, mun tarar da wata tsaga ta wajen gida. Tana naso. Baƙi-baƙi, kuma da wari. Abokina Kefas ma ya ji, har ya toshe hanci. Muka shafe ta da siminti muka wuce."

Ta ji kamar an zuba mata ruwan zafi a baya. "Ka gani? Ka gani ka yi shiru?"

"Baba ne ya nuna wurin da sandarsa. Ɗan golmo zai ce wa surukinsa ka yi kuskure? A ina aka taɓa yi? Ubana shekara bakwai ya yi, ko tari bai yi a gaban kakana ba."

"Ubanka dawa ya noma, Japhet! In ya yi shiru, dawa ce ta lalace. Wannan ruwa ne. Ɗan ƙanwarka mai rarrafe shi ma a nan za a ɗebo masa." Hawaye suka zubo mata, ta share su da ƙarfi kamar sun yi mata laifi. "Ka je ka faɗa masa."

"In na faɗa, golmona ya tashi a banza. In ya ce ya fasa ba ni ke fa?"

"Ni dai ba zan shiga gidanka ta kan rijiyar nan ba. Ko ya ba ka ni, ba zan zo ba."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Ita ta juya ta shige gida, ta kifa kai a kan katifa ta yi kuka mai isarta, sannan ta tashi ta wanke fuska ta taya uwarta tsintar wake. Ba ta kai maganar tsagar ga mahaifinta ba. Ta san zai ce ƙage ne, kuma ba nata ba ne ta faɗa.

Asabar da safe guga ya sake fitowa garau. Sajan ya aika a wanke masa kakinsa na tsofaffin sojoji. Saloma ta kawo wa 'yarta koko ta ce, "Aikin nas ma ai ba laifi." Beatrice ta ajiye kokon gefe. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon littattafanta da ke cikin jaka, tana jin kamar tana gadin mara lafiya.

Da azahar hadari ya taso daga wajen Ribah, baƙi ƙirin. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, jan ruwa yana gangarowa daga dutse yana bin kowace kwana. Ta tsaya a baranda, feshi yana jiƙa mata zane, ba ta matsa ba har aka ɗauke.

Lahadi bayan coci ƙofar gidan ta cika. Matan zumuntar coci da anko, da tulu da bokiti a jere har bakin titi, yara suna ta tsalle. Tsofaffin sojoji uku sun zo da lambobinsu a ƙirji. Can gefe ga Japhet da abokan golmonsa, kawunansu a ƙasa yadda aka saba. Fasto ya yi addu'a mai tsawo. Sajan ya buɗe kwaɗo, ya zura guga, ya jawo da hannu bibbiyu, ya juye a sabon kwanon sha.

"Duba-gari," ya kira da ƙarfi, "zo ki cika alkawari."

Aka yi dariya. Beatrice ta ratso mutane, ta karɓi kwanon. Ruwan yana kaɗawa. Ta jira ya natsu. Ta karkata shi wajen rana.

A can gefe, siriri kamar zare, wani launi yana yawo a saman ruwan. Shuɗi, ja, kore. Ta kai hanci.

Ba ta taɓa zaton warin kananzir zai sa ta jin daɗi da baƙin ciki lokaci guda ba.

"Baba, shinshina."

Ya karɓa, ya shinshina. Fuskarsa ta motsa kaɗan, sannan ta koma ta soja. "Warin guga ne. Sabuwar roba ce."

"Jiya ma da gugan nan ka ja."

"Na ce warin roba ne! Za ki sha ko ba za ki sha ba?"

"Ba zan sha ba. Kuma ba yaron da zai sha ina tsaye." Ta juya ta zauna daram a kan murfin rijiyar, da kayan cocinta, ta harɗe hannu. "Sai dai a ɗaga ni."

Wata tsohuwa ta ce, "Kai, 'yar nan ubanta ta biyo." Sajan ya ɗaga sandarsa, ba don duka ba, don dai bai san abin da zai yi da hannunsa ba.

"Baba."

Muryar ta fito daga inda ba a taɓa jin murya ba. Japhet ne. Ya tako gaba, ya durƙusa, amma ya ɗaga kai ya kalli surukinsa ido cikin ido. Abokansa suka ja baya kamar an jefa wuta.

"Baba, ba roba ba ce. A gaba huɗu akwai tsaga ta wajen masai. Na gan ta tana naso, na ji warinta, na shafe ta da siminti. Na ji nauyin in faɗa maka. Laifina ne."

"Kai ma?" in ji Sajan. "Ɗan golmo, a gaban mutane?"

"I, Baba."

Sajan ya dubi yaron, ya dubi 'yarsa a kan murfi, ya dubi layin bokitai da yaran da ke riƙe da su. Sai ya kai kwanon bakinsa ya guntsa. Bai haɗiye ba. Mutumin da ya yi shekaru yana zuƙo mai da tiyo daga tankin motar soja ba ya bukatar a gaya masa ɗanɗanon. Ya tofar a gindin mangwaro, ya goge baki da bayan hannu.

"Tashi," ya ce wa Beatrice.

Ba ta motsa ba.

"Tashi mana in sa kwaɗo, ke!"

Ta tashi. Ya datse kwaɗon da kansa, ya jefa makullin a aljihu. Ya juya ga jama'a, murya a sama kamar a filin fareti. "Ba ruwa yau. Ku yi haƙuri. Abinci dai yana nan, kada a bar shi ya lalace." Mata suka fara kwashe bokitansu, wasu suna gunaguni, wata ta harari Beatrice ta ja tsaki. Ba wanda ya ce mata sannu.

Sajan ya sunkuya kan Japhet. "Kai kuma, da ka faɗa tun a gaba huɗu, da ba ka fasa sauran dutsen a banza ba. Na ce ranar da unguwa ta sha. Unguwa ba ta sha ba. Da rani za ka sake wata."

"To, Baba."

Wani ranin ke nan, wata shekarar jira. Beatrice ta dubi hannun Japhet mai kanta. Shi kuwa ya ɗago ya yi mata wani ɗan murmushi a karkace, wanda ya fi duk wasiƙunsa huɗu.

"Yaushe za ku koma makarantar?" Sajan ya tambaya, ba tare da ya kalle ta ba.

"Farkon watan goma, Baba."

"Hm." Ya juya sandar a hannunsa, sannan ya miƙa mata ita ta wajen mariƙi. "To, duba-gari. Tunda ke ce mai ido, nuna wa Japhet inda zai haƙa."

Ta karɓa. Ta zaga bayan gida, ta tsaya a jikin ɗakin kwanon, ta fuskanci tudu, inda ƙasa ta fi tauri kuma dutse ya fi yawa. Ta cire takalmin coci ta riƙe a hannu. Sannan ta fara hawa, tana ƙirgawa da ƙarfi yadda har na bakin titi za su ji, Japhet yana biye da ita, tsohon soja kuma yana can baya yana haki yana cewa ta faɗaɗa takun, kada ta cuce shi ko mita ɗaya.